Karatun Laka

Kawu Tanimu ya tambaye ni a Agege,
yana tsinke zaren buhun albasa da haƙori:
"Sallau, wai me kake karantawa a Akoka?"
Na ce ƙasa, Kawu, yadda take kwance
da abin da ke rarrafe a kanta.
Ya tofar da zaren.
"Tun daga Nguru har Ikko, don karatun laka?"

Laka ce kuwa.
Duk Talata tana kama ni har gwiwa.
Ta haɗiye mini takalmi ɗaya a zangon farko,
har yau ba ta yi aman sa ba.

Dakta Ajibade ba ta ɗaga murya.
Takan kashe fitila, ta haska bango
da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko:
ga kore shekara talatin baya, shimfiɗe kamar darduma,
ga shi yau, tsumma, ɓera ya yi biki.
Ta ce dajin da aka yanke masa hanya
ko yana tsaye, jiran ranarsa yake.
Ta yi dogon Turanci kan siririn zaren
da ke haɗa kurmi da ɗan'uwansa.
Na rubuta a gefen takarda: burtali.
Ashe kakana ya san darasin nan,
sanda ce kawai alƙalaminsa.

Baba Zannu ke tuƙa mu cikin kwalekwale.
Bai san sunan da littafi ya raɗa wa itacen ba,
wannan mai tsayuwa a kan yatsu
kamar mai tsallake ruwan kwata,
amma ya san daren da ƙaguwa ke haurawa,
ya san ramin da kifi ke ajiye 'ya'yansa.
Shi yana nuni da haɓa, ni ina cika jadawali.

An yanka mini fili, taku ashirin kowace kusurwa.
Na kafa turaku huɗu, na ɗaura jan ƙyalle.
Wata bakwai ina ƙirga:
zalɓe uku, balbela ba adadi,
wani kifi mai idon kwaɗo da ke yawo bisa taɓo,
robar ruwa ɗari biyu da sha ɗaya,
silifa, kan 'yartsana.
Sauro ya karɓi zakkarsa ba tare da nisabi ba.
Can sama, doguwar gada tana gurnani,
babu mai leƙowa.

Bayan hutun Sallah na dawo
na tarar da rairayi.
Fari fes, an baje, an daddaɓe,
bututu mai kaurin turmi yana amayo ƙasan ruwa.
Ga allo da hoton benaye, da sunan lambu,
an zana masa har da tsuntsaye.
Na tona da hannu inda nake zato.
Ƙyallen ma ban samu ba.

Na je ofis, na ce aikina ya mutu.
Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.
"Koma ranar Talata," in ji ta.
"Ka ƙirga. Idan sifili ne, rubuta sifili,
da kwanan wata, da ƙarfe nawa.
Wata rana za a ce ba a taɓa yin komai a wurin ba."

Da dare na kira gida.
Baba ya ce kacala ta ƙara cin bakin tafki,
jirginsa na kife, kaji na ƙwai a ƙarƙashi.
Sai ya yi shiru, ya ce,
"Kirinjijiya dai sun sauka shekaranjiya.
Ba su kai na bara ba."
Na ce su nawa, Baba?
Ya yi dariya: "Wa ke ƙirga tsuntsu?"

Na jawo littafin, laka ta bushe a bangonsa,
na buɗe sabon shafi.
Na ce, gobe in ka fita, ƙirga mini.